Yaro mai kaifin baki da ƙwaƙwalwa, amma karatu ya gagare shi: disleksiya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa tara, yana aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta. Idan ana hira da shi ba ka ce yana da wata matsala ba, a Islamiyya kuma da an biya masa sura sau biyu ya riƙe. Amma a ba shi littafi sai ya kama in-ina yana cinkar kalmomi, shifta kuwa kullum sifili yake ci. Malaminsa ya ce lalaci ne, kakarsa ta ce a nemo masa rubutu ya sha, wata ƙawata kuma ta ce disleksiya ce. Mece ce ita? Ina ake gwadawa? Tana da magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. Abin da kika zayyana ya yi kama da disleksiya ƙwarai, amma ba wanda zai yanke miki hukunci daga nesa bai zauna da yaron ba. Zancen lalaci dai ki ajiye shi gefe. Yaron da yake haddace sura da biyawa biyu ba malalaci ba ne, kuma a aikina na koyar da yara masu wahalar karatu na ga cewa abin da malamai ke kira lalaci, sau da yawa gudun kunya ne. Yaro ya gwammace a ce ya ƙi yi da a ce ya kasa.

Disleksiya wahala ce ta koyon karatu da rubuta kalma daidai, wadda take zaune a yadda ƙwaƙwalwar yaro take sarrafa sautukan magana. Ba ciwon hauka ba ce, ba daƙiƙanci ba ce, kuma ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba. Magana yaro yana tsintar ta da kansa a tsakar gida ba tare da an zaunar da shi ba. Karatu kuwa ƙirƙirar ɗan Adam ne da bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, sai an koya. Kafin yaro ya iya shi, dole ya gane cewa kalmar da yake faɗa tana tsinkuwa gida-gida: "gado" gaɓa biyu ce, ga da do, kowace gaɓa kuma tana da baƙi da wasali, sannan kowane sauti yana da alamarsa a takarda. Yawancin yara da an nuna musu sai su kama. Mai disleksiya kalmar tana zuwa masa a dunƙule kamar curin fura da ba a dama ba. Yana jin ta sarai, ya san ma'anarta, yana amfani da ita a hira, amma ya ɓarka ta ya ga abin da ke ciki, nan ne aiki yake.

Gwada shi yau da daddare, cikin wasa, ba tare da littafi ba. Ki ce masa, "Faɗi kare." Ya faɗa. "To cire k ɗin, ka sa b." Ɗan shekara tara ya kamata ya ce "bare" nan take. Ki ce ya faɗi "rana" a juye, wato "nara". Ki lura ko yana iya zaurance irin wanda sa'o'insa suke yi, inda ake cusa wata gaɓa tsakanin gaɓoɓin kalma ko a juya su. Yara masu disleksiya sukan tsaya cak a irin wannan wasa, ko su ba da amsa bayan dogon nazari suna motsa leɓe. Na sha ganin yaro mai surutu kamar aku, da na ce ya cire sauti ɗaya daga kalma mai baƙi biyu sai ya zuba mini ido kamar na yi masa wani yare.

Wannan ne ya sa haddarsa ba ta saɓa wa zargin disleksiya ba. Hadda da kunne hanya ce daban, kuma takan rufe matsalar shekara da shekaru. Yaro yana bin allo ko shafi da yatsa, baki yana zubo karatu, malam ya ɗauka karantawa yake, alhali daga ka yake kawowa. Ki buɗe masa tsakiyar surar da ya haddace, ki rufe abin da ke gaba da baya da hannunki, ki nuna kalma guda ki ce ya karanta. Ki tambayi malaminsa na Islamiyya kuma yadda ya yi da babbaƙu da farfaru, musamman baƙaƙen da ɗigo ne kaɗai ya raba su, irin ba da ta da sa, ko jim da ha da kha. In wahalar tana nan a Larabci kamar yadda take a boko, wannan shaida ce mai ƙarfi cewa abin ba laifin makaranta ɗaya ba ne.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan yanayi. A 1877 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya bayyana manya da suka rasa iya karatu alhali idonsu da hankalinsu lafiya lau, a 1887 kuma likitan ido Rudolf Berlin na birnin Stuttgart ya yi amfani da sunan da ake kiran ta da shi yau. Labarin da ya fi kama da na ɗanki shi ne wanda Dokta Pringle Morgan ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya a 1896, na wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, wanda ko sunansa yakan rubuta a karkace, amma malaminsa ya ce da a ce da baki ake yin duk karatun, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Da yake likitocin ido ne suka fi shiga lamarin da farko, sai aka daɗe ana ɗauka ciwon gani ne, kuma wannan kuskure bai mutu ba har yau. Za ki iya haɗuwa da mai sayar miki da tabarau mai launi ko mai cewa a yi wa yaron atisayen ido. A 2009 ƙungiyar likitocin yara da ta likitocin ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa disleksiya ba daga ido take ba, kuma babu hujjar cewa waɗannan abubuwa suna maganin ta. Kada ki zuba kuɗinki a nan. Haka zancen juya b da d da mutane suka ɗauka shi ne babbar alama: kusan duk yaro yana yin haka har zuwa wajen shekara bakwai, balle namu da aka ƙara musu ɓ da ɗ. Idan ya zarce haka a lura, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, kuma akwai masu disleksiya da ba su taɓa juya baƙi ba.

Ana gadon ta. Idan uwa ko uba yana da ita, kusan huɗu zuwa biyar cikin kowane goma na 'ya'yansu sukan samu wahalar karatu. Ki yi bincike a hankali a danginki da na maigida: akwai wanda aka ce boko "bai karɓe shi ba" ya koma kasuwa ya yi fice, ko wanda har ya girma ba ya son a ba shi takarda ya karanta a gaban mutane? A ƙasashen da aka ƙidaya, masu ita sukan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na yara, gwargwadon inda aka ja layi, don abu ne mai hawa-hawa, wani tasa kaɗan ce wani mai tsanani. Ajin da ke da yara hamsin da wuya ya rasa biyu ko uku. An fi kai yara maza gwaji, amma wani ɓangare na dalilin shi ne namiji in ya kasa sai ya tayar da rigima a gan shi, mace kuwa ta yi shiru a bayan aji tana kwafar allo da kyakkyawan rubutu har ta gama firamare ba wanda ya gane.

Yanzu ga inda lamarinmu ya bambanta da na Turawa, kuma nan nake so ki fi mayar da hankali. A Ingila idan ɗan shekara tara bai iya karatu ba, ya fita daban a ajinsu. A wajenmu ba haka ba ne. Ƙiyasin Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya nuna kusan kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Ba mai hankalin da zai ce duk waɗannan disleksiya ce ke damun su. Mafi yawansu ba a koya musu ba ne: aji ya cika maƙil, babu littafi, malamin shi ma ba a koya masa yadda ake koyar da haɗa baƙi ba, sai ya rubuta jimla a allo yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi. Saboda haka rashin iya karatu shi kaɗai ba ya nuna komai. Tambayar da ta fi amfani ita ce: sauran yaran ajinsu, da malami ɗaya da littafi ɗaya, sun iya? Ƙannensa ko yayyensa da suka bi wannan makaranta fa? In rabin ajin suna cikin halin da yake ciki, makarantar ce ke bukatar gwaji kafin yaron. In kuwa an wuce an bar shi, har ƙanwarsa ta aji biyu ta fi shi, to zargin ya yi nauyi.

Sai batun harshe. Ɗanki yana magana da Hausa a gida, ana koya masa karatu da Turanci, da yamma kuma ga Larabci daga dama zuwa hagu. Yawan harsuna ba ya haifar da disleksiya, kada wani ya sa ki daina yi masa Hausa. Amma Turanci yana daga cikin harsunan da rubutunsu ya fi wahalar da mai koyo, don yadda ake rubuta kalma da yadda ake furta ta sukan yi hannun riga. Dubi "knife" ko "enough". Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka buga a 2003 ya kwatanta yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta: masu koyon harsuna irin su Finlanci da Italiyanci da Jamusanci suna karanta sama da kashi 90 cikin ɗari na sauƙaƙan kalmomi daidai, masu Turanci kuwa, da harshen uwarsu, wajen kashi ɗaya cikin uku kawai. To ina ga yaron da bai ma san ma'anar kalmar ba? Rubutun Hausa na boko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake ɗauka. Iyakar tarkonsa shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sai jimla ta gaya maka ko "gari" na tuwo ne ko na zama, ko "wuya" ta jiki ce ko ta wahala. A harsuna masu sauƙin rubutu irin wannan, mai disleksiya yakan kai ga karanta kalma daidai, amma a hankali ƙwarai, gaɓa-gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Don haka a Hausa jinkiri ake dubawa fiye da kuskure.

Kafin ki nemi masanin da zai yi babban gwaji, ki fara da abubuwa biyu masu arha: ido da kunne. Na ce disleksiya ba ciwon ido ba ce, amma yaron da ba ya ganin allo shi ma ba zai iya karatu ba, kuma tabarau na gaskiya zai raba shi da matsalar. Kunne ma haka, musamman in yana ƙarami ya yi fama da ciwon kunne mai fitar da ruwa. Manyan asibitoci da yawa suna da sashen ido da na kunne, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ki gaya wa likitan yara tarihinsa duka: ko an haife shi bakwaini, ko ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya kai shi ga suma da jijjiga, ko tamowa. In yana da sikila a faɗa, don tana iya taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ido a buɗe, sau da yawa a yini, malami ya ɗauka tunani ya tafi. Masu zama a yankunan haƙar zinare su tuna da gubar dalma irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2010. Duk waɗannan suna hana koyo, amma sukan taɓa komai da komai, lissafi da fahimta da riƙe magana. Disleksiya kuwa ta fi tsayawa a karatu da rubutu ta bar sauran.

Akwai ɗan awo da za ki iya yi da kanki, ki rubuta sakamakon ki tafi da shi. Rubuta kalmomi goma na ƙarya masu bin tsarin Hausa, irin su lufa, zibo, meto, rakifu, ki ce ya karanta. Amfanin kalmar ƙarya shi ne ba zai iya cinka ko kawo ta daga hadda ba, dole ya haɗa baƙi da wasali. Yaron da ke cinka za ki ji ya ga "lufa" ya ce "lafiya", don ya kama baƙin farko ya ƙarasa da ka. Bayan haka ki samo ɗan labari daidai ajinsu, ki ba shi ya karanta na minti ɗaya kina duba agogo, ki ƙirga kalmomin da ya samu daidai. Sannan ki karanta masa wani labarin mai tsawo daidai da na farko da bakinki, ki yi masa tambayoyi. In ya amsa na kunne tsaf amma na takarda ya gagara, hankali da fahimta suna nan, ƙofar shiga ce ta toshe. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, kusan haka tsarin gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA yake, wanda aka yi amfani da shi da Hausa a makarantun Bauchi da Sakkwato.

Cikakken gwaji aikin masanin halayyar ɗan Adam ne na ɓangaren ilimi ko na asibiti, ko ƙwararren malamin ilimi na musamman da ya samu horo a kai. Ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Wanda ya ce sai an yi hoton kai kafin a gane disleksiya, ko dai yana zargin wani ciwo daban, to ya gaya miki wanne, ko kuma aljihunki yake dubawa. Zama ne na awa biyu zuwa huɗu, wani lokaci a raba shi kwana biyu don kada yaro ya gaji. Za a fara da ke, a ji tarihin ciki da haihuwa da lokacin da ya fara magana da makarantun da ya yi. Sannan a zauna da shi a gwada karanta kalmomi na gaske da na ƙarya, saurin karatu, shifta, fahimta, wasan sautuka irin wanda na kwatanta, da riƙe jerin lambobi a ka. Akwai wani gwaji da iyaye kan yi mamakinsa: a jera masa launuka ko lambobi ko hotunan abubuwan da ya sani, a ce ya ambace su da sauri a jere ana duba agogo. Masu disleksiya da yawa sukan yi nawa a nan, sun san abin amma sunan ba ya zuwa bakinsu da wuri. Yawanci akan haɗa da gwajin basira don a ga ƙarfinsa da rauninsa. Ki tafi da littattafan rubutunsa na aji, tsofaffi da sababbi, da sakamakon jarrabawarsa, da 'yar takarda daga malaminsa.

Ga abin da ya kamata ki tambayi mai gwajin kafin ki biya ko sisi: da wane harshe zai gwada yaron, kuma da su wa zai kwatanta shi? Shahararrun kayan gwajin, irin su WISC da WIAT, an auna su ne da yaran Amurka da Birtaniya masu Turanci tun daga nono. In aka ɗauko su yadda suke aka ɗora wa ɗan Hausa, za a iya fito miki da lamba mai cewa basirarsa ta yi ƙasa, alhali Turancinsa aka auna ba hankalinsa ba. Na ga rahotanni irin wannan da suka karya zuciyar iyaye a banza. Masani na ƙwarai zai yi wasan sautuka da tambayoyin fahimta da harshen da yaron ya fi ƙarfi a ciki, ya riƙe lambobin da sassauci, ya kuma rubuta wannan a rahotonsa. Tsohon ra'ayin nan na cewa sai basirar yaro ta yi sama sosai karatunsa ya yi ƙasa sosai kafin a kira shi mai disleksiya, masana sun bar shi. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, sharaɗin da ya kafa shi ne wahalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da an ba yaron taimakon da ya dace da ita, kuma ba rashin gani ko ji ko rashin koyarwa ko baƙuncin harshe ne ya jawo ta ba. Ki lura da wannan sharaɗi da kyau, don yana nufin koyarwa mai kyau ita kanta rabin gwajin ce. Rahoton da ya ƙare da suna kawai bai biya kuɗinsa ba. Ya kamata ya faɗi matakin da yaron yake, sautukan da bai kama ba, me za a koya masa, sau nawa a mako, me makaranta za ta sauya, da lokacin da za a sake aunawa.

Wurin zuwa ya danganta da inda kike. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Jos da ta Ibadan duk suna da sashen ilimi na musamman, a Oyo kuma akwai kwalejin ilimi ta tarayya da aka keɓe don wannan fanni. Ki je sashen ki tambayi malamin da ke kan matsalolin koyo, ko da ba su yi da kansu ba za su nuna miki ɗalibansu da ke aiki a garinku. Asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, suna da masana halayyar ɗan Adam, likitan yara zai iya tura ki. Haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Na san sunan wurin kaɗai yana sa iyaye su ja da baya, kada a ce an kai yaro asibitin mahaukata, amma can ne ma'aikatan suke, kuma ba dole ba ne duk dangi su san inda kuka je. A Legas da Abuja akwai cibiyoyi da ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka keɓanta da disleksiya, sai dai da tsada, kuma mafi yawan aikinsu da Turanci ne.

Magani na sha ko na allura babu. Ba a warkewa daga gare ta kamar zazzaɓi, amma ana koyon karatu da ita, kuma abin da ke aiki sananne ne: koyar da sauti da baƙi ɗaya bayan ɗaya, a bayyane, bisa tsari, ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna, ana maimaitawa fiye da yadda sauran yara ke bukata. Tun shekarun 1930 likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara irin wannan hanya a Amurka, inda yaro ke ganin baƙi, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a lokaci guda. Ba sai da kayan waje ba. Faranti da rairayi ya isa, ko murafen kwalba da aka rubuta baƙi a kan wasu, wasali a kan wasu, yana tura "b" kusa da "a" yana cewa "ba", ya sauya wasalin ya ce "bi". Shawarata a fara da Hausa, ko da makarantarsu ta Turanci ce. A nan ne zai gane sirrin haɗa baƙi ba tare da ƙa'idar ta yaudare shi ba, ya ɗanɗani daɗin karanta abin da ya fahimta, sannan ya ɗauki dabarar ya shiga Turanci da ita. Littattafan Mu Karanta da aka yi don firamaren Bauchi da Sakkwato a kan wannan tsari suke, in kin samu ki riƙe. Minti ashirin zuwa talatin kullum, lokacin da bai gaji ba, ya fi awa uku ranar Asabar. Kada ki jira rahoto kafin ki fara. In disleksiya ce, wannan ne abin da rahoton zai ce a yi. In rashin koyarwa ne, cikin zango ɗaya za ki ga ya zabura, kin kuma samu amsarki.

Malamin lesin da zai zo ya taya shi aikin gida ko ya sa shi kwafar shafi sau goma ba abin da zai ƙara. Maimaita aji ma, in da hanyar da ta gaza za a sake bi, ɓata shekara ne da ƙarin kunya. Bulala kuwa a daina ta kwata-kwata a kan karatu, a gida da boko da Islamiyya. Ki je ki zauna da shugaban makarantar da malamin ajin cikin mutunci, ba da faɗa ba, ki roƙi abubuwan da ba sa cin kuɗi: kada a tashe shi ya karanta a gaban aji ba shiri, a zaunar da shi gaba, a rage masa kwafar allo, a karanta masa tambayoyin jarrabawar lissafi da kimiyya don a auna abin da ya sani, kada a kashe masa maki saboda kuskuren rubuta kalma a darasin da ba na harshe ba. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, amma a zahiri fahimtar malamin aji ta fi saurin yi miki aiki. Inda rahoton zai yi rana sosai shi ne manyan jarrabawa. Hukumomin jarrabawa na Birtaniya, har da Cambridge da wasu makarantunmu ke yi, sukan ƙara wa mai shaida kashi 25 cikin ɗari na lokaci, JAMB kuma tun 2017 tana da kwamiti na musamman don masu bukata ta musamman. Irin wannan alfarma tun wajen rajista ake neman ta da takarda a hannu.

In kin lura ba ya iya zama wuri ɗaya, yana yawan mantuwa da ɓatar da kaya, hankalinsa na tashi ko a wasa, ki faɗa wa mai gwajin. Kusan ɗaya cikin uku na masu disleksiya suna haɗawa da matsalar tattara hankali da ake kira ADHD. Ita tana da nata magani da likita ke rubutawa, amma maganin ba ya koya wa yaro haɗa baƙi.

Game da Hajiya kaka, ba sai an yi jayayya da ita ba. Addu'a kullum muna bukatar ta, ta ci gaba da yi masa. Abin da za ki tsare shi ne kada a riƙa faɗa a gabansa cewa an yi masa sammu ko aljanu sun rufe masa ƙwaƙwalwa, kuma kada neman taimako ya cinye lokacin koyarwa. Shi kansa yaron ya san akwai abin da ke faruwa, ya daɗe da yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne. Ki zaunar da shi ki gaya masa a fili cewa kansa lafiya lau, haɗa baƙi ne yake yi masa wuya fiye da wasu, akwai yara da yawa irinsa, kuma akwai hanyar koyo da za ku bi tare. Ki ci gaba da karanta masa littattafai da bakinki, ki bar shi ya saurari karatu da labarai a waya, don kada iliminsa ya tsaya jiran idonsa. A shekara tara bai makara ba, sai dai aikin ya fi na ɗan shekara shida tsawo, kuma mai yiwuwa saurin karatu da rubuta kalmomin Turanci su ci gaba da ba shi wahala har girma ko da ya kai jami'a.

Tunda abin yana bin jini, ki sa ido a kan ƙannensa tun suna shekara huɗu zuwa biyar. Wanda ya yi jinkirin fara magana, ko yake hargitsa gaɓoɓin doguwar kalma bayan sa'o'insa sun daina, ko waƙoƙin yara ba sa zama masa, ko sunayen baƙaƙe suka ƙi shiga bayan an yi ta nuna masa, a fara yi masa wasan sautuka da murafen kwalba tun kafin ya shiga aji ɗaya.